Idan Ruwan Jaka Ya Gurɓace: Ciwon Cikin da ke Bibiyar Masu Wankin Ƙoda a Gida

Sau huɗu a kowace rana, mai wankin ƙoda ta ciki yakan ɗaga jakar robar da ta cika da ruwan da ya fito daga cikinsa, ya kai ta gaban haske, ya ƙura mata ido. A asibiti an koya masa ya ɗora ta a kan takarda mai rubutu, ko jarida ko littafi. In yana iya karanta rubutun ta cikin ruwan, wanda ya kamata ya fito garau da ɗan launin rawaya, to lafiya lau, sai ya zubar ya kama harkar gabansa. In kuwa ruwan ya yi fari-fari kamar wanda aka wanke shinkafa da shi, har rubutu ya ɓace, to zama bai gan shi ba. Ko tsakar dare ne, ko cikin bai fara ciwo ba, abin da likitoci suka umarce shi shi ne ya ɗauki jakar nan da ruwanta ya nufi asibiti.

Abin da ya gurɓata ruwan ba datti ba ne. Fararen ƙwayoyin jini ne, dakarun jiki, suka yi cincirindo a cikin ciki domin ƙwayoyin cuta sun kutsa inda bai kamata su shiga ba. Wannan ciwo na kumburin tantanin ciki, wanda likitoci ke kira feritonaitis, shi ne babban abin da ke ci wa wannan hanyar wankin ƙoda tuwo a ƙwarya tun ranar da aka fara ta. Shi ya fi kowace matsala raba majinyata da ita, kuma tsoronsa na cikin dalilan da suka sa asibitoci da yawa a Afirka ba sa ko tunanin gwada ta.

Yawancin mutanenmu da suka taɓa jinyar mai ciwon ƙoda, wankin jini na na'ura suka sani: a je asibiti sau biyu ko uku a mako, a kwanta awa huɗu, jini na fita yana zagayawa ta cikin inji yana komawa. Wankin ciki dabam yake. Allah ya shimfiɗa wani siririn tantani a cikin ɗan Adam, ya lulluɓe hanji da hanta da bangon ciki ta ciki. Faɗinsa in an baje shi ya kusa kai faɗin fatar jiki duka, kuma cike yake da ƙananan hanyoyin jini. Likita yakan yi ƙaramar tiyata ya dasa wata roba mai laushi a gefen cibiya, kai ɗaya a cikin ciki, ɗaya a waje. Ta nan majinyaci ke zuba kimanin lita 2 na wani ruwa na musamman mai ɗauke da suga da gishiri-gishiri, ya bar shi awa huɗu zuwa shida. A tsawon wannan lokaci gubar da ƙoda ta kasa fitarwa takan tsallaka daga jini ta shiga ruwan, sugan kuma ya janyo rarar ruwan da ke kumbura jiki. Sai a zuƙe, a zuba sabo. Wasu kuma ƙaramar na'ura ce ke yi musu wannan musanya da dare suna barci.

Alfanun a fili yake. Mutum na gidansa, ba ya doka sammako zuwa birni sau uku a mako, ba a huda masa jijiya, ɗan ragowar aikin ƙodarsa yakan fi daɗewa, kuma wanda ke yi da hannu ba ya buƙatar lantarki. Shi ya sa tun 1985 Hong Kong ta mai da shi hanyar farko ga duk wanda ƙodarsa ta gaza, har ya zama fiye da kashi biyu cikin uku na masu wankin ƙoda a can ta ciki suke yi. Tailan ma ta bi sahu a 2008. Amma a duniya baki ɗaya, kimanin mutum ɗaya ne cikin goma na masu wankin ƙoda ke bin wannan hanya.

Matsalar tana jikin robar nan. Sararin da ke tsakanin hanji da bangon ciki rufaffen wuri ne da babu ƙwayar cuta ko ɗaya, ga shi an yi masa ƙofa. Mai musanya sau huɗu a rana yana buɗe wannan ƙofa sau 1,460 a shekara, kuma kuskure ɗaya ya isa. Abin da ke jiran ƙwayar cutar a ciki kuwa ruwa ne mai suga, mai ɗumin jiki, wanda ya dace da hayayyafarta. Bugu da ƙari, kowace musanya na wanke wani kaso na dakarun da ke gadin tantanin ta fitar da su, ga shi dama garkuwar mai ciwon ƙoda ba ta da ƙarfi.

Tarihin wankin ciki kusan tarihin yaƙi da wannan ciwo ne. Wani likita Bajamushe, Georg Ganter, shi ya fara gwada shi a jikin ɗan Adam a 1923, amma shekaru da yawa aka kwashe ba a iya riƙe mutum a kai na dogon lokaci ba, domin sai an sake huda ciki a kai a kai. A 1968 Henry Tenckhoff, a birnin Siyatil na Amurka, ya fito da robar da za ta iya zama a jiki na dindindin, mai wasu zobba na auduga-auduga da naman jiki ke kamawa ya toshe hanyar da ƙwayoyin cuta za su bi ta gefe. Har yau sunansa robar take ɗauke da shi. A 1976 Robert Popovich da Jack Moncrief na jihar Tekzas suka bayyana tsarin da mutum zai riƙa yawo da ruwan a cikinsa yana musanyawa da kansa. Sai dai a lokacin ruwan a kwalabe yake zuwa, kuma majinyatan farko sukan kamu da ciwon kusan duk bayan mako goma.

Gyara biyu ne suka ceci tsarin. Na farko daga Toronto ta Kanada, inda Dimitrios Oreopoulos ya koma amfani da jakunkunan roba a 1978: mutum ya zuba ruwan, ya naɗe jakar ya soke ta a ƙarƙashin riga, in lokaci ya yi ya warware ya zuƙe ruwan a cikinta, ta haka yawan buɗewa da rufewa ya ragu. Na biyu daga Ferujiya ta Italiya, inda Umberto Buoncristiani ya ƙirƙiro tiyo mai reshe biyu a 1980, ɗaya zuwa jakar sabon ruwa, ɗaya zuwa jakar zuƙewa. Dabarar mai sauƙi ce ƙwarai. Bayan an haɗa tiyon, kafin sabon ruwa ya shiga ciki, sai a fara sakin kaɗan daga cikinsa ya wanke mahaɗar ya wuce jakar shara, ya tafi da duk ƙwayar da ta maƙale lokacin haɗawa. Gwajin da aka wallafa a Italiya a 1983 ya nuna masu wannan tiyo na kamuwa kusan sau ɗaya a wata 33, masu tsohon tsari kuwa kusan sau ɗaya a wata 11. Jakunkuna biyu a haɗe da ake amfani da su yau jikokin wannan dabara ne.

Duk da haka ƙwayoyin cuta ba su rasa hanya ba, kuma mafi yawa ta hannun majinyacin kansa suke shiga. A ɗauki musanya ɗaya a duba. Ana so ya rufe taga da ƙofa, ya kashe fanka, ya fitar da yara, ya goge tebur, ya ɗaure takunkumi a hanci da baki, ya wanke hannu da sabulu har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, ya busar da shi sarai, ya ƙara da man goge hannu mai sinadarin kashe ƙwayoyin cuta. Sai ya cire murfin robarsa da na tiyo ya haɗa su ba tare da yatsa ya taɓa bakin ko ɗaya ba. Daƙiƙa kaɗan ne bakin robar ke a buɗe, kuma a cikinsu ake yin ɓarnar. Waya ta yi ƙara ya miƙa hannu, ƙuda ya sauka, atishawa ta kufce, ko ya sosa hanci ba tare da ya lura ba. Ƙwayoyin stafilokokas da ke zaune lafiya a fatar kowa da cikin hancinsa, in suka samu shiga ciki, sai su zama abokan gaba. Irin nasu masu sauƙi su ne suka fi haddasa ciwon a yawancin ƙasashe, kuma su ne suka fi jin magani.

Hanya ta biyu ita ce bakin ramin da robar ta fito. In wurin ya yi ja, ya kumbura, ya fara fitar da mugunya, ƙwayar na iya bin gefen robar a ƙarƙashin fata har ta faɗa ciki. A nan ne mugun nau'in stafilokokas mai suna oriyas da wata ƙwaya mai son danshi da ruwa, sudomonas, suka fi yin ta'adi. Su biyun suna da wata ɗabi'a mai wahalar da likitoci: sukan manne a jikin robar su lulluɓe kansu da wani yauƙi da magani ba ya ratsawa sosai. Ruwa zai yi garau, a ɗauka an warke, ana daina magani su sake fitowa. Shi ya sa ake so majinyaci ya riƙa tsabtace wurin, ya shafa man mufirosin ko jentamaisin kullum, ya kuma manne robar da filasta don kada ta riƙa jan bakin ramin tana yi masa rauni.

Hanya ta uku ba ruwanta da hannu. Hanji cike yake da ƙwayoyin cuta irin su ikolai, kuma idan mutum ya yi fama da taurin bayan gida ko gudawa mai tsanani, sukan ratsa bangon hanjin su shiga ruwan. Ƙarancin sinadarin potasiyam a jini, wanda ke kashe wa hanji kuzari, yana ƙara haɗarin. Mutane da yawa kan yi mamaki in nas ta dage tana tambayar mai wankin ciki sau nawa ya zaga bayi, alhali tambayar na daga cikin mafi muhimmanci da za a yi masa. Haka kuma aikin haƙori, da zura kyamara a hanji, da wasu ayyukan da ake yi wa mata a mahaifa, duk suna iya tura ƙwayoyin cuta ciki, don haka dole mai wankin ciki ya sanar da likitansa kafin a taɓa shi, a ba shi maganin rigakafi inda ya dace. Har kyanwar gida ba a bar ta a baya ba. Akwai rahotanni da dama na majinyatan da kyanwa ta ciji tiyonsu ko ta yakushe shi, suka kamu da wata ƙwaya mai suna pasturela da ke zaune a bakinta.

Alamomin ciwon ba su da yawa: gurɓacewar ruwa, ciwon ciki, wani lokaci zazzaɓi da tashin zuciya da amai. Sau da yawa ruwan ne ke fara canzawa kafin ciwo ya zo. Ƙa'idar Ƙungiyar Wankin Ciki ta Duniya ita ce a tabbatar da ciwon idan an samu biyu daga cikin abubuwa uku: alamomin nan, ko fararen ƙwayoyin jini fiye da 100 a kowace maikrolita ta ruwan, fiye da rabinsu irin masu yaƙar bakteriya, ko kuma a shuka ruwan a ɗakin gwaji ƙwayar cuta ta tsiro. Ba a jiran sakamakon shuka kafin a fara magani. Ana ɗibar samfur, nan take a haɗa magunguna biyu, ɗaya kamar bankomaisin ko sefazolin, ɗaya kamar seftazidim ko jentamaisin, domin a tare manyan rukunonin bakteriya biyu. Kuma a cikin jakar ruwan ake zuba su, su shiga kai tsaye inda cutar take. Bayan kwana biyu ko uku, in ɗakin gwaji ya faɗi sunan ƙwayar, sai a zaɓi maganin da ya fi dacewa da ita a ci gaba har mako biyu, ko uku ga masu taurin kai.

A nan akwai wata ɗabi'a tamu da ke iya kashe mutum. Wanda cikinsa ya murɗa yakan aika yaro kemis a sayo kafso, ya sha kwana biyu ya ga ko zai lafa. Ga mai wankin ciki wannan asara biyu ce. Ya ɓata kwanakin da suka fi kowanne daraja, sannan maganin da ya sha zai hana ƙwayar tsirowa a ɗakin gwaji ba tare da ya kashe ta ba, likita ya koma lalube a duhu. Ƙa'idar duniya ta ce bai kamata shukar da ba ta nuna komai ba ta wuce kashi 15 cikin ɗari a kowace cibiya.

To, ina ake ƙarewa? Yawanci a warke. Mafi yawan kamuwa na jin magani, ruwa ya washe cikin kwana uku zuwa biyar, mutum ya ci gaba da rayuwarsa. Amma alƙaluman rajistar masu ciwon ƙoda ta Ostareliya da Niyu Zilan, wadda ke cikin mafi inganci a duniya, sun nuna kusan kamuwa ɗaya cikin biyar na ƙarewa da cire robar, kuma da yawa daga waɗanda aka cire wa ba sa sake komawa wankin ciki. Ƙasa da kashi 5 cikin ɗari na kamuwa ne ke kai wa ga mutuwa, sai dai da yake mutum ɗaya na iya kamuwa sau da dama, ƙungiyar ta duniya ta ƙiyasta a 2016 cewa ciwon na da hannu a kimanin kashi 16 cikin ɗari na mace-macen masu wankin ciki. Tsofaffi, da masu ciwon suga, da waɗanda jikinsu ya rame don rashin abinci mai gina jiki, su ne abin ya fi kayarwa.

Sunan ƙwayar ne ke faɗin yadda za ta kaya. Stafilokokas na fata yawanci mako biyu ya ishe shi. Sudomonas sai an haɗa masa magani biyu, kuma sau da yawa sai robar ta fita. In aka samu ƙwayoyin hanji iri-iri a lokaci guda, likita zai fara zargin ko hanji ne ya huje ko afendis ya fashe, wanda aikin tiyata ne. Mafi muni shi ne fungas, dangin fumfuna, musamman kandida. Shi ba a tsayawa ciniki da shi: da zarar an gan shi ana cire robar, a ci gaba da magani aƙalla mako biyu bayan haka, kuma akasarin waɗanda suka kamu da shi wankin cikinsu ya ƙare ke nan. Abin lura shi ne yawanci bayan an sha maganin bakteriya ne yake bayyana, domin maganin ya share ƙwayoyin da ke danne shi. Don haka ake so duk lokacin da mai wankin ciki zai sha irin wannan magani, ko don ciwon haƙori ne, a haɗa masa da nistatin ko fulukonazol. A ƙasashen da tarin fuka ya yi yawa, ciki har da namu, ƙwayarsa ma na iya kama tantanin, kuma takan daɗe tana ɓoye kafin a gane ta.

Akwai wata doka da majinyata ba sa so, amma tana da hujja. In aka kwana biyar ana ba da maganin da ya dace ruwa bai nuna alamar washewa ba, ana cire robar. Majinyaci zai roƙa a ƙara masa kwana biyu, domin ya san cirewa na nufin komawa layin na'ura da kashe kuɗi. Likitan da ya biye masa bai taimake shi ba. Roba ana sake dasa wata bayan makonni, amma tantanin guda ne. Kowane kumburi na barin tabo, hanji ya manne da juna, tantanin ya yi kauri ya daina tacewa yadda ya kamata. A wasu 'yan kaɗan da suka daɗe shekaru a kan tsarin, tantanin kan taurare ya naɗe hanji ya shaƙe shi, ciwon da ke da wuyar magani ƙwarai.

Abin da ya fi ɗaukar hankali a duk wannan batu shi ne yadda yawan kamuwa ya bambanta daga wuri zuwa wuri. Wani babban bincike da aka wallafa a 2020, wanda ya bi majinyata fiye da 7,000 a ƙasashe bakwai, ya samu cewa a cikin kowane majinyata 100 ana samun kamuwa kimanin 26 a shekara a Amurka, 27 a Japan, 29 a Kanada, 35 a Ostareliya da Niyu Zilan, 38 a Birtaniya, 40 a Tailan. A duba da kyau: Tailan, inda manoma ke wankin ciki a ƙauyuka cikin zafi da danshi, ba ta yi nisa da Birtaniya ba. Bambancin da ke tsakanin cibiyoyin ƙasa ɗaya ma ya fi na tsakanin ƙasashe girma. A Ostareliya an taɓa samun cibiyar da ta ninka wata kusan sau goma. Da likitocin ƙasar suka ga haka, suka fara wallafa sakamakon kowace cibiya tare da ƙarfafa bin ƙa'idojin rigakafi, sai adadin ƙasar ya sauko daga kimanin 60 zuwa ƙasa da 40 cikin 'yan shekaru. Majinyatan ba su canza ba, asibitocin ne suka gyara aikinsu. A 2022 ƙungiyar ta duniya ta sauko da iyakar da take yarda da ita daga 50 zuwa 40, ta kuma ce ya kamata fiye da kashi 80 cikin ɗari na majinyatan kowace cibiya su cika shekara ba su kamu ba.

Ƙashin bayan wannan gyara ma'aikatan jinya ne. Wani bincike a Brazil ya gano cewa waɗanda aka horar ƙasa da awa 15 kafin a sallame su gida sun fi kamuwa. Horon farko ma ba ya wadatarwa, domin bayan 'yan watanni hannu ya saba, mutum ya fara yanke hanya: yau a manta takunkumi, gobe a wanke hannu sama-sama. Ba ganganci ba ne, gajiya ce ta wanda ke maimaita abu ɗaya sau huɗu a rana babu hutun Juma'a ko na salla. Cibiyar kirki takan san haka, ta riƙa kiran majinyaci ya yi musanya a gaban nas, ta kai ziyara gidansa, ta ba shi lambar da zai kira in bakin robar ya taɓa wani abu ko ta tsage, a canza masa mahaɗa a ba shi magani tun ciwo bai tashi ba.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Sudan, ƙasa mai zafi da ƙura da ƙarancin ruwan famfo, wadda Hausawa da dama suka daɗe da zama a cikinta. A 2005 aka buɗe shirin wankin ciki na ƙasa a Khartum ƙarƙashin jagorancin Farfesa Hasan Abu-Aisha. Shekarar farko ba ta yi daɗi ba: majinyaci na kamuwa kusan sau ɗaya a wata 14, kuma fiye da rabin samfuran da aka shuka ba su nuna komai ba. Ba su ɓoye alƙaluman ba, wallafa su suka yi, sannan suka shiga gyara. Daga baya ma'aikatan shirin suka bi majinyata har gidajensu, suka tarar ƙasa da rabi ne ke wanke hannu yadda aka koya musu. Suka kuma gano cewa waɗanda suka fi fahimtar darasin da aka ba su sun fi tsira daga kamuwa da kwanciya asibiti, duk da cewa gidajen da yawa ba su cika sharuɗɗan da littafi ya gindaya ba. Wannan sakamako ya cancanci duk mai cewa talaka ba zai iya wankin ciki ba ya tsaya ya dube shi. Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya ɗaiɗaita asibitocin Khartum da hanyoyin kawo magani, masu ciwon ƙoda kuwa suna cikin waɗanda suka fi shan wuya.

A Senegal an daɗe ana wankin ciki a Dakar, Afirka ta Kudu kuma ita ce ta fi kowace ƙasa kudu da Sahara yawan masu yin sa. A Najeriya da Nijar kuwa, na dogon lokaci kusan babu shi. Ba tsoron ciwon ciki kaɗai ya jawo haka ba. Ruwan daga waje ake shigo da shi da kuɗin ƙetare, mutum ɗaya na buƙatar lita 8 a rana, kusan tan 3 a shekara, a ɗauko daga tashar jirgin ruwa har Kano ko Maraɗi. Ga shi kuwa a wurare irin su Gashuwa ta jihar Yobe, inda ciwon ƙoda ya zama ruwan dare, hanyar da za a yi a gida ita ce iyalai suka fi buƙata. Duk gwamnatin da za ta kawo ta, ya kamata ta san cewa sayen jakunkuna ne mafi sauƙi a cikin aikin. Sai an tanadi nas ɗin da ba ta da wani aiki sai koyarwa, da ɗakin gwajin da zai iya faɗin sunan ƙwaya cikin kwana uku, da likitan da zai cire roba ranar da ta kama, da na'urar wankin jini da za ta karɓi majinyacin a makonnin da cikinsa ke warkewa. In babu na ƙarshen nan, cire roba na iya zama hukuncin kisa, kuma likita zai riƙa jinkirta abin da ya san bai kamata a jinkirta ba.

Inda wankin ciki ke aiki a yankinmu a yau shi ne wajen yaran da ƙodarsu ta tsaya farat ɗaya sakamakon zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ko gudawa, ko gubar jini. Su kwana kaɗan suke buƙata kafin ƙodar ta farfaɗo, kuma jikinsu ya yi ƙanƙanta ga na'urar manya. Likitocin yara a Asibitin Koyarwa na Ibadan sun wallafa yadda suka ceto yara da dama ta wannan hanya, wani lokaci da robar da ake zura wa ta hanci don ba da abinci, saboda rashin ta ainihi. Wani shiri na ƙungiyoyin likitocin ƙoda na duniya da aka fara a 2012 domin ceton rayukan yara ya horar da ma'aikata a ƙasashe da dama, ciki har da Ghana da Kamaru. A asibitin Mbingo da ke arewa maso yammacin Kamaru, da ruwan kamfani ya ƙare, ma'aikata suka koma haɗa nasu da ruwan ƙari na asibiti da suga mai ƙarfi, cikin tsananin tsabta. Kowa zai zaci ciwon ciki ne zai biyo baya. Da suka kwatanta sakamakon rukunonin biyu suka wallafa a 2018, ba a ga bambanci a yawan kamuwa tsakanin masu ruwan kamfani da masu ruwan da aka haɗa a asibitin ba, kuma ƙa'idojin duniya na wankin ciki na gaggawa sun amince da yin haka a inda ruwan kamfani bai samu ba.